Gargaɗi ga masu sayen Gunpla: ana sa jabu a kwalin Bandai

Jama'a masu sha'awar haɗa butum-butumin Gundam na roba, wato Gunpla, da kamfanin Bandai na Japan ke yi, a yi hattara da wasu masu talla a Instagram da WhatsApp da ke karɓar kuɗin kayan Bandai na ainihi, su aiko da kwafin da aka buga a wata masana'anta daban. Kwafin Gunpla ba sabon abu ba ne, sunaye irin su Daban da TT Hongli sun daɗe a kasuwa, kuma wanda ya saye su da saninsa ya san abin da ya saya. Cutar ita ce a ɓoye maka, a ce gangariya ne daga Japan, ka biya farashin gangariya.

Tun 1980 Bandai ke yin waɗannan kaya, kuma mafi yawansu daga masana'antarsa ta Shizuoka suke fitowa. Saboda haka akwai alamomin da ake gane su da su. A fara da kwali. Na ainihi yana ɗauke da tambarin Bandai, ja a tsofaffin bugu, shuɗi na Bandai Spirits a na baya-bayan nan. Lambar da ake haskawa a kanti tana farawa da 45 ko 49, waɗanda su ne na Japan. Kwalin jabu yakan kauce wa kalmar Gundam gaba ɗaya, ya sa wata lamba kamar 6601 ko 8802 a madadin suna, zanen kuma ya ɗan yi dishi-dishi saboda kwafo shi aka yi.

Amma kwali kaɗai ba hujja ba ne, kuma nan ne 'yan damfarar suka ƙware. Suna samun kwalin ainihi wanda wani ya gama da shi, su zuba firam ɗin jabu, wato robar da sassan ke maƙale a jiki, a ciki. Don haka kafin ka tura ko sisi, ka ce a ɗauko maka hoton firam ɗin da sassan ke maƙale a jiki, kusa-kusa. Kowane firam yana da ɗan allo mai harafi, A, B, C, da sunan samfurin, a bayansa kuma an zana sunan Bandai da shekara a jikin robar kanta. A na jabu wurin a shafe yake, ko ka ga alamar an kankare rubutun daga mazubin. Ka nemi a ajiye takarda mai sunanka da kwanan watan ranar a gefen kayan. Wanda ya sato hoto daga shafin wani ba zai iya wannan ba, sai ya fara cewa kayan na sito, ko buɗe kwali zai rage masa daraja. Ba a cinikin biri a sama.

Farashi ma yana tona asiri. Gundam samfurin RX-78-2 na ajin HG (High Grade) na 2015, sikelin 1/144, yen 1,000 aka sa masa a Japan kafin haraji, shi kuwa na ajin PG (Perfect Grade) Unleashed na 2020, sikelin 1/60, yen 25,000. Ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. In aka yi maka tayin PG a kuɗin da bai kai na Japan ba, to akwai lauje cikin naɗi. Wasu ma girma suke ha'inta: su ce MG (Master Grade, sikelin 1/100) ne, ka buɗe ka tarar da HG. RX-78-2 a sikelin 1/100 tsawonsa kusan santimita 18 ne, a 1/144 kuwa bai wuce 13 ba.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne ranar haɗawa. Kayan Bandai na zamani ba sa buƙatar gam, haƙori ne ke shiga rami ya kama daram. A jabu mazubin kwafi ne, ma'auni ya goce kaɗan, shi ya sa za ka ga ɓawon roba siriri ya fito a gefen sassa, wani haƙorin ya fi ramin kauri, wani kuma ya yi lako-lako. In ka danna da ƙarfi, robar ta yi fari a wurin, daga nan sai ta tsage. Ƙahon goshi da yatsu da gaɓar ƙugu su ne farkon karyewa, kuma da wuya ka samo madadinsu. Wanda ya riga ya faɗa, kada ya tilasta komai: ya gwada kowane haƙori a hankali, ya rage masa kauri da samfefa mai lamba 400, ya bi da 800, ramin da ya yi faɗi kuma a shafa wa haƙorinsa gam mai saurin bushewa siriri, a bar shi ya bushe sarai kafin a sa.

Fenti ma sai da kula. Robar jabu takan zo da maiƙon mazubi, fenti ba ya kama ta. A wanke firam ɗin da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a bar shi ya bushe, sannan a fesa fentin shimfiɗa. Wata matsalar kuma, littafin haɗawa na Bandai yana faɗin wane firam ne robar PS wane ne robar ABS, kuma ABS yana tsagewa in tina, ruwan sirka fenti, ta kwanta a cikin gaɓoɓinsa. A jabu ba ka da tabbacin abin da aka zuba, don haka ka fara gwada fenti da tawadar zanen layi a kan guntun firam da ka yanke.

Sai masu karɓar kafin alƙalami da sunan odar Premium Bandai, shagon Bandai na intanet. Waɗannan kayan da gaske sai an yi oda watanni kafin su fito, kwalinsu ma galibi launi ɗaya ne ba zane mai kala ba, kuma da wannan jiran ake fakewa. A tara kuɗin mutum ashirin, wata uku ya wuce, a rufe shafin. Duk mai cewa ya yi maka oda, ya nuna takardar tabbacin odar mai lamba da watan fitowa. Ka biya ta manhajar da ke riƙe kuɗi har kaya su iso, ba tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun mutum ba. Idan kaya sun zo, ka kunna bidiyo tun kafin ka yanke salatif, ka ƙirga firam ɗaya bayan ɗaya da jerin da ke cikin littafin, har da sitika da ƙananan robobin gaɓoɓi, kafin ka yaga ko leda ɗaya.