Kuros, Maltis ko Biktoriyan: wacce ta fi wuya a kan zobba?

Ɗan'uwa, ka tambaya tsakanin Kuros da Maltis wacce ta fi wuya a wasan zobba na jimnastik, inda ɗan wasa ke riƙe zobba biyu da aka rataye ya tsayar da jikinsa a iska, kuma ko da gaske Biktoriyan ta fi su duka. A taƙaice, Maltis ta fi Kuros nesa ba kusa ba, Biktoriyan kuma tana gaba da su biyun.

Kuros ita ce wadda kowa ya sani: jiki a miƙe tsaye a iska, hannuwa a buɗe dama da hagu daidai da kafaɗa. Da ita aka san Albert Azaryan ɗan Armeniya, wanda ya ci wa Tarayyar Sobiyet zinare a gasar Olamfik ta 1956 da ta 1960. Kyanta a hoto ne ya sa ake zaton ita ce ƙarshen ƙarfi, alhali ga manyan 'yan wasa ƙofar shiga ce. Nauyin mutum yana rataye ne daidai tsakanin zobban, don haka aiki ɗaya ne a gabansa: ya danne su ƙasa kada su tsere masa. Ƙirji da faffaɗar tsokar baya da ke gangarowa daga hammata suna yin wannan aikin tare, suna kuma cikin mafi girma a saman jiki.

Maltis fa? Jiki yana kwance rub da ciki a iska, daidai tsayin zobba, hannuwa a miƙe a gefe. Ɗauki bokiti cike da ruwa a gefen cinyarka, sannan ka miƙa hannu da shi, za ka ji bambancin. Ƙafafu da ƙugu sun yi nisa da kafaɗa, suna jan jiki ƙasa, ga zobban suna neman buɗewa. Tsokar bayan da ta yi ceto a Kuros ba ta da wani abin yi sosai a nan. Nauyin ya koma kan gaban kafaɗa, ƙirji da damtse. Ga kuma alƙalai ba sa ɗaga ƙafa: sai an tsaya cik na daƙiƙa 2, gwiwar hannu ba ta lanƙwashe ba, kafaɗa ba ta haura zobba ba. Yawancin abin da ake yaɗawa a bidiyo da sunan Maltis, kafaɗar tana sama da zobba, wato bai kai ba.

Biktoriyan kishiyar Maltis ce: kwance rigingine, fuska na kallon sama, jiki daidai da zobba. Wahalarta ita ce hannu yana danna ƙasa ne daga gefen jiki zuwa baya, inda kafaɗar ɗan'adam ba ta da ƙarfin kirki. Ƙirji ya fita daga aikin, an bar bayan kafaɗa, bayan damtse da tsokar baya da ta riga ta takure. Danny Rodrigues na Faransa yana cikin 'yan kaɗan da suka yi suna da ita, har akwai motsi mai sunansa a littafin dokoki.

A littafin hukumar jimnastik ta duniya, kowane motsi yana da harafi gwargwadon wuyarsa: harafin A maki 0.1 ne, B 0.2, haka har sama. Maltis tana D, Biktoriyan E, Kuros kuwa ta zauna tsakanin B da C, domin ana sabunta littafin bayan kowace Olamfik. A ganina wannan tazara ta 0.1 tsakanin D da E rowa ce. Shi ya sa ba ka cika ganin Biktoriyan a gasa ba: ƙugu ya ɗan lotsa kaɗan, abin da za a zaftare maka ya kai ko ya fi abin da ka ƙaru da shi, gara mutum ya yi Maltis mai tsabta.

Akwai ta huɗu da ba ka ambata ba, Kuros ta juye, kai a ƙasa ƙafa a sama. Ta fi Kuros wuya, amma rabin wahalarta daidaita jiki ne kada a kife, don haka wanda ya iya tsayuwa da hannu a kan zobba ya rage hanya.

Abin da haruffan ba sa nunawa shi ne jijiya. Duk waɗannan da miƙaƙƙen hannu ake yi, kuma tsoka tana riga jijiya ƙarfi, sai mutum ya ji zai iya alhali gwiwar hannunsa ba ta shirya ba. Jury Chechi na Italiya, zakaran duniya sau biyar a jere daga 1993 zuwa 1997 kuma mai zinaren Olamfik ta Atlanta a 1996, bai je ta Sidni a 2000 ba saboda jijiyar damtsensa ta tsinke. Tsawo ma yana cikin lissafi: Arthur Zanetti na Burazil, mai zinaren Olamfik ta Landan a 2012, mita 1.56 ne kacal. In kai dogo ne mai dogayen hannuwa, kowace ɗaya daga cikinsu za ta fi yi maka nauyi, musamman Maltis, kuma kada ka taɓa ta sai Kuros ɗinka ta zauna ba tare da zafi a gwiwar hannu ba.