Darasin dare na garkuwar jiki a unguwar Zango: ya ci jaka biyar ɗinsa

Ƴan'uwana masu karatun aikin lafiya a nan Damagaram suna yawan tambayata ko darasin daren da wani tsohon malamin labo yake bayarwa a unguwar Zango ya cancanci jaka biyar ɗin da yake karɓa a wata. Ya cancanta, har da ƙari, sai dai akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya kai kuɗinsa.

A zauren gidansa ake zama bayan sallar isha'i. Benci ne da allo da fanka guda. Akwai masu koyon jinya, akwai mu ƴan labo, akwai kuma ƴan Jami'ar André Salifou. Da Faransanci yake rubutu a allo, bayani kuwa da Hausa, kuma wannan kaɗai ya isa ya jawo mutum.

Darasin da ya sa na ce kuɗina sun halatta shi ne na yadda garkuwar da aka haife mu da ita take gane ADN ɗin bakteriya, wato DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado na halitta. Da tambaya ya fara. Namu da nasu duk haruffa huɗu ne, A da T da C da G, to ta yaya jiki yake bambance na baƙo da na gida? Kowa ya yi tsit. Sai ya rubuta C da G a jere, ya ɗauki jan alli ya ɗora wa C ɗan ƙaramin da'ira a ka. Ya ce wannan ita ce alamar metil, wani ɗan sinadari da ake liƙa wa harafin C. A jikin mutum ba a cika samun C da G a jere haka ba, kuma mafi yawan waɗanda ake samu suna ɗauke da alamar. Ya sa babban yatsa ya goge da'irar, ya ce ga na bakteriya nan: suna da yawa, kuma kansu a buɗe. Arthur Krieg ne ya fito da wannan fili a 1995, sannan a 2000 Shizuo Akira da mutanensa a Osaka ta Japan suka nuna cewa wani furotin mai gadi da ake kira TLR9 ne mai karanta wannan bambancin. Shi TLR9 ba a bayan ƙwayar jiki yake ba, yana cikin ƴar jakar da ake jefa abin da ƙwayar ta haɗiye a narkar da shi. Shi ya sa ba ya yawan karo da ADN ɗinmu.

Wata ɗaliba ta ce, "Allah gafarta Malam, idan cutar ta fasa jakar ta fita fa?" Ya ce, "Yawwa ƴata, nan nake jiran ku." Ya nuna inda muke zaune, ya nuna ƙofar cikin gida. Ya ce wanda aka tsayar a zaure fuskarsa ake dubawa, amma wanda aka tarar a tsakar gida da tsakar dare ba a tambayar sunansa. ADN ɗinmu mazauninsa cibiyar ƙwayar jiki ce da mitokondiriya, ƴan sassan da ke samar mata ƙarfi. Duk wanda aka gani yana yawo a ruwan cikin ƙwayar, wani mai gadin da ake kira cGAS zai kama shi ba tare da ya karanta haruffansa ba. Da ya kama sai ya haɗa sinadarai biyu, ATP da GTP, ya yi ɗan saƙon da ake kira cGAMP, saƙon ya tada wani furotin mai suna STING, daga nan ƙwayar ta fara fitar da intaferon, sinadarin da ke faɗakar da sauran ƙwayoyin jiki cewa cuta ta shigo. Zhijian Chen ne ya gano cGAS a Dallas ta Amurka, aikin ya fito a 2013. Akwai kuma wani mai gadin, AIM2, wanda shi ba ya lallashi: yana tada furotin kaspaz-1, a saki IL-1 beta mai kawo zazzaɓi, ƙwayar jikin ta fashe ta mutu don cutar ta rasa maɓoya.

Inda ya fi burge ni shi ne da ya kawo maganar kan tarin fuka, cutar da muke ganin majinarta kullum a wurin koyon aiki. Ƙwayar tarin fuka tana da abin huda jakar da aka kulle ta, ana kiransa ESX-1, kuma ta wannan huda ne ADN ɗinta yake yoyo har cGAS ya ji. Allurar BCG da ake yi wa jarirai ba ta da wannan abin hudar, yana cikin dalilan rauninta. Kuma bai ɓoye mana cewa intaferon ɗin ba kullum yake zama alheri ba, don a tarin fuka yawansa yana tafiya da tsanantar ciwon. Malamai da yawa sukan tsallake irin wannan saboda ba ya shiga jarrabawa. Ni kuwa a ganina wanda zai tsaya kan marar lafiya gobe dole ya san cewa garkuwa ma tana wuce gona da iri.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Malam ba ya bayar da takarda ko guda, abin da hannunka ya kwafa shi ne naka, kuma yana goge allo da sauri. ARN ɗin bakteriya, wato RNA, ɗan'uwan ADN, wanda mai gadin da ake kira TLR8 yake ganewa a jikin mutum, da baki kawai ya ambace shi ya ce sai mako mai zuwa, har wata ya ƙare bai koma kai ba. Wannan ya dame ni, don rabin labarin ke nan. Zauren ya yi mana kaɗan, a zafin Afrilu fanka ɗaya ba ta komai, in an ɗauke wuta kuma da fitilar waya muke haska masa allo. Akan kai sha ɗaya na dare ba a tashi ba, mata masu zuwa daga nesa sai sun ƙara kuɗin kabu-kabu a lissafinsu.

Wanda bai riga ya san sassan ƙwayar jiki ba, ya fara karanta su tukuna, don Malam ba ya komawa baya. Wanda ya sani kuwa ya zo da wuri ya kama bencin gaba, ya riƙo biro ja da shuɗi, kuma tun ranar biyan kuɗi ya roƙi Malam ya sa darasin ARN a cikin watan.