Darasin fasa-ƙwaurin saƙo na Web Security Academy: ra'ayina bayan sati biyu

Jama'a duk mai son koyon tsaron intanet ya leƙa darussan nan na kamfanin PortSwigger na Ingila, masu Burp Suite (manhajar gwada tsaron shafukan intanet), kyauta ne, rajista kawai zaka yi. Ni ɓangaren fasa-ƙwaurin saƙon HTTP (tsarin da burauza ke magana da shafuka) na shiga kuma wallahi sai yanzu na gane abin da kyau.

Kun san yawancin shafuka saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) biyu ce ko fiye, ta gaba ta karɓi saƙonka ta miƙa wa ta baya, to matsalar tana zuwa ne in basu yarda da inda saƙo ya ƙare ba, ɗaya tana ƙirga tsawonsa da Content-Length ɗaya kuma tana bin Transfer-Encoding (layuka ne biyu a kan saƙon da ke nuna inda ya ƙare), sai ɗan ragowar da ta baya bata cinye ba ya tsaya a layi ya manne a gaban saƙon wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da haka ake tsallake shingen tsaro ko a sace kukis ɗin mutum, wato bayanan da shafi ke gane shi da su bayan ya shiga. Tun 2005 masu bincike na kamfanin tsaro Watchfire suka fallasa shi, aka yi shiru, sai James Kettle, mai bincike a PortSwigger, ya sake tono shi a 2019 har ya nuna shi a shafin shiga na PayPal.

Abin da ya burge ni shine kai zaka yi da hannunka a shafin gwaji nasu, babu taɓa kayan kowa. A gwajin farko harafin G ɗaya tak zaka ɓoye, ka tura sau biyu sai sabar baya ta ce bata san GPOST ba (wato G ɗin ya manne a gaban kalmar POST da ke farkon saƙo na biyu), ranar da na ga wannan amsar na daɗe ina kallon allo, don a nan ne na yarda abin gaske ne. Shawara, a Repeater (sashen Burp da ake gyara saƙo a sake tura shi) ka koma HTTP/1 kuma ka cire alamar da ke gyara Content-Length da kanta, in ba haka ba lissafinka zai ta rushewa, gwajin TE.CL (inda ta gaba ke bin Transfer-Encoding, ta baya Content-Length) ma sai ka ƙirga tsawo da hex, wato lissafin tushe 16.

Amma fa ba na sabon shiga bane, sai ka san HTTP tukuna, kuma komai da Turanci. Burp na kyauta ya ishe ni a gwaje-gwajen farko, sai dai baya ajiye aiki, in ka rufe shikenan, don haka ka riƙa kwafe saƙonninka a gefe. Yanzu na shiga na HTTP/2, da nauyi amma zan ƙarasa in sha Allah.