Yawon bin sawun Whicher a Wapping

Asabar da ta wuce na biya kuɗin yawon ƙafa a unguwar Wapping ta Landan, ban yi nadama ba. Jagorar tamu ta san aikinta. A bakin kogin Thames ta tsayar da mu, ta ba mu labarin Jack Whicher, ɗan sandan ciki da ya yi ritaya a 1864, daga baya aka ɗauke shi binciken wani mutum mai da'awar cewa shi ne Roger, magajin dangin Tichborne da ya ɓace. Lungunan nan ya bi yana tambaya, har zargi ya tsaya kan cewa mai da'awar Arthur Orton ne, ɗan wani mahauci na unguwar. Jikina ya yi sanyi da ta ce uwar Roger ta karɓi mutumin a matsayin ɗanta. Sai dai mun yi yawa, na baya ba sa jin muryarta sosai.