Gargaɗi: mai "gyaran" mota mai rimot ya ci min naira 38,000

Wallahi har yanzu in na tuna sai in ji zuciyata na tafasa. Naira 38,000! A kan motar wasan yara!

Kafin wani ya ce sakarci na yi, ni ba baƙo ba ne a kasuwa, a Kano aka haife ni, ina ciniki tun kafin in yi gemu. Amma abin da ya kama ni shi ne wannan: ina miƙa masa motar ya buɗe, ya kai hancinsa ya shinshina, ya nuna min wata 'yar na'ura da ake kira kafasita da ta kumbura ta fashe, ya ce, "Alhaji, batir aka juya ko?" Ban faɗa masa ba fa. Ban ce komai ba. To wa zai ji haka bai saki jiki ba?

Kuma gaskiya ya faɗa, ni na juya. Ƙanena ne ya kawo wa yarona motar daga Dubai, babba ce, mai batir LiPo na bolt 7.4. Na sayo sabon batir, sai kan filoginsa ya bambanta da na motar, na yanke na haɗa filogi irin XT60 da dalma da hannuna, na sa jar waya a wurin baƙa. Ina jonawa sai tartsatsi, ƙauri ya cika ɗaki, yaro ya fashe da kuka. Shi ma filogin an ƙera shi ne yadda ba zai shiga a juye ba, ni ne na juya tun daga dalmar.

Mai gyaran ya ce komai ya ƙone, injin, servo mai juya sitiyari, risiba mai karɓar saƙon rimot, ESC mai sarrafa gudun injin, sai an yi oda daga Chaina. Na tura 20,000. A'a, tsaya, 18,000 na fara turawa a shagon, 20,000 ɗin bayan sati biyu ne da ya kira wai kaya sun maƙale a Legas. Ko ma dai yaya, 38,000 ne, rasit ɗin biyu suna wayata, zan ɗora su tare da hoton hirarmu ta WhatsApp in na dawo daga masallaci.

"Alhaji, batir aka juya ko?" Har da murmushi.

Shagon ma ashe ba nasa ba ne, teburi aka ba shi aro. Wannan daga baya na sani, ranar da na je na tarar da wani yaro yana cin gurasa a wurin, ya ce ai oga ya kwana biyu bai zo ba. Kafin nan dai ya riga ya aiko min da motar a baƙar leda ta hannun mai Adaidaita Sahu. Sati bakwai! Na saka batir, ko ƙyaftawa fitilar ba ta yi ba. Na kira, a kashe. WhatsApp, ya toshe ni.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ne ya buɗe ta. Kafasitar nan tana nan a fashe yadda na bar ta. Injina mai waya uku kuwa babu shi, an cusa wani tsoho mai waya biyu, duk tsatsa, ko ɗaure shi ba a yi ba. Baba ya ce, "Ɗana, juya batir ESC yake kashewa, wani lokaci ya taɓa risiba. Da wuya wutar ta isa injin, kuma duk wanda ya taɓa riƙe mita zai gane an juya daga ganin kafasitar." Wato abin da ya burge ni ɗin nan, karatun 'yan koyo ne.

Kar ku biya kafin aiki. Ku ɗauki hoton cikin motar kafin ku bar ta, a gwada injin a gabanku.

Yaron har yau yana tambayata ko kayan sun iso daga Chaina. Uwarsa kuma 18,000 kawai ta sani.