Hattara da masu yawo da wayar wuta a wuraren gini

Jama'ar Katsina, musamman masu gini, ku buɗe ido. Akwai wasu da ke bin sababbin unguwanni da naɗin wayar wuta a but ɗin mota, suna cewa ragowar kwangila ce za su karyar. Ni dai sun ci kuɗina.

An gama mini filasta ke nan a ginina da ke wajen Ƙofar Ƙaura, sai ga wani cikin shadda mai sheƙi. "Alhaji, naɗi takwas suka rage, kawo rabin kuɗin kasuwa." Leda sabuwa fil, ga sunan babban kamfani, an rubuta kaurin waya 2.5 da tsawon mita 100. Na leƙa bakin wayar na gan shi ja wur. Araha ta rufe mini ido, na biya, ko rasit ban nema ba.

Washegari dattijon da zai yi mini wayarin ya zo, mutumin da ke wannan sana'a tun zamanin NEPA. Yana ɗaga naɗi ɗaya ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ai ba ta da nauyi." Ya fiɗe robar, ya kankare silin wayar da wuƙa, jan ya tafi, fari ya bayyana. Alminiyam ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Ya kunna mata ashana, ta lanƙwashe nan take. Wani naɗin ya fi muni, don maganaɗisun tsohuwar sifika ya manne masa, wato baƙin ƙarfe ne a ciki. Da muka warware ɗaya muka auna, ko mita 80 bai kai ba.

Na ce, "Baba, amma launinta irin na yanzu ne." Ya yi dariya. Ya ce shi ya tarar da waya mai rigar roba da zare a tsofaffin gidajen gwamnati, wadda in ta tsufa take bushewa tana marmashewa a hannu. Daga baya waya mai rigar robar PVC ta maye gurbinta, ja da baƙi, irin wadda ke gidan mahaifinmu a cikin gari har yau. Ingila, wadda muka gaji tsarinta, ta koma ruwan ƙasa da shuɗi tsakanin 2004 da 2006, a kasuwarmu kuwa duka biyun ana samu. Riga ce ta yi ta sauyawa, abin da ke ɗaukar wuta yana ciki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne nauyin da muke ɗora wa waya yanzu. A da ƙwai ne da fanka da rediyo. Yau ga firji, ga dutsen guga, ga hita, ga injin jan ruwa, wani har da AC. Alminiyam kuwa wutar da yake iya wucewa da ita kusan kashi 61 cikin 100 ne na jan ƙarfe mai kauri ɗaya. Sai ya yi zafi, bakin soket ya saki, roba ta narke a cikin silin inda ba mai gani, galibi cikin dare. Ba wai alminiyam ba shi da amfani ba, wayoyin kan turakun titi ma shi ne, amma masu kauri ne, kuma ba wanda ya kira su jan ƙarfe.

Don haka kada ka sayi waya a bakin mota. Ka je shagon da ka san mai shi, ka tafi da mai wayarinka, ka duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, amma kada ka tsaya nan, tunda tambari ma ana bugawa. A yanko maka ɗan guntu daga cikin naɗin, ka kankare, ka gwada maganaɗisu, ka karɓi rasit. Wanda ya hana ka yanka, bar masa kayansa.

Lambar da mutumin ya ba ni a kashe take tun ranar. Na ji an ce an ga mota irin tasa ta hanyar Daura.