Akwatin Duplo a hannun yara uku: abin da na gani cikin mako uku na hutu

Duk mai yara ƙanana a gida ya san cewa ranar da aka rufe makaranta domin hutun ƙarshen shekara ita ce ranar da tsarin gidan yake watsewa. Lokacin kwanciya yana ja da baya, amma lokacin tashi ba ya bin sa, domin yaron da sai an yi da gaske kafin ya buɗe ido a ranakun makaranta shi ne yake riga kowa farkawa idan babu inda za shi. Yarana uku ne: ɗan fari yana da shekara shida, ƙanwarsa tana da huɗu, auta kuwa watansa ashirin. Hutun bara a rigimar waya ya ƙare mana, wannan ya karɓa waccan ta fizge, har na kai ga ɓoye wayata a saman kabad kamar kayan sata. Shi ya sa a bana, tun kafin a ba su hutu, na sayi akwatin LEGO Duplo mai guda 85, wanda kamfanin ya sa wa suna Deluxe Brick Box, ina fatan ya ɗauke mini ko da rabin safiya. Mun yi mako uku muna amfani da shi kusan kullum, kuma a ganina wannan ya isa in faɗi abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa.

Ga wanda bai taɓa riƙe shi ba, Duplo tubalan roba ne masu launi daban-daban, kowanne da 'yan kawuna a samansa da rami a ƙasansa, ta yadda idan aka ɗora ɗaya kan ɗaya aka danna sai su kama juna gam. Kamfanin da ke yin su, wato LEGO, ya samo asali ne a garin Billund na ƙasar Denmak, inda wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a 1932. Ƙananan tubalan da duniya ta fi sanin kamfanin da su an yi musu rajista a 1958, sai dai sun yi wa hannun ƙaramin yaro ƙanƙanta kuma sun yi wa bakinsa daidai, don haka a 1969 aka fito da Duplo, wanda ya ninka ƙaramin sau biyu a tsawo da faɗi da kauri. Ninki biyu ta kowace fuska kuwa ninki takwas ke nan a girman tubalin gaba ɗaya, kuma wannan girma shi ne ainihin abin da na biya kuɗina a kansa.

Dalili shi ne auta. Yaro mai wata ashirin ba ya yarda ya san abu sai ya kai shi baki, kuma yawancin kayan wasan da yayyensa suke so ba a iya barin sa da su ko na minti ɗaya. A Amurka da Turai akwai wani ɗan bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, wanda aka ƙera bisa kimanin maƙogwaron ƙaramin yaro, kuma duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukar sa a matsayin haɗari ga wanda bai kai shekara uku ba. An yi Duplo ne domin yara daga shekara ɗaya da rabi, saboda haka an ƙera guntayensa su fi ƙarfin haɗiya. Duk da haka a daren da na buɗe akwatin na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya ina murzawa da yatsa, ina jan tayoyin 'yar motar wasa da hannuwan 'yan mutum-mutumin da suka zo a cikinsa ko wani abu zai cire. Babu abin da ya cire, babu gefe mai kaifi, kuma bayan mako uku na cizo da jifa, abin da kawai ya sauya shi ne sawun haƙora biyu a kan wani jan tubali.

Ranar farko ba ta yi kyau ba, kuma laifina ne. Na zube musu tubalan a tsakiyar falo na koma aikina, ina tsammanin za su daidaita da kansu. Ba a yi minti goma ba na ji kuka iri biyu a lokaci guda. Ɗan farin ya gina hasumiya da ta kai masa ƙirji, auta ya taho da gudunsa na tangaɗi ya kai mata mari ɗaya ta zube rugu-rugu, ya tsaya yana tafi yana dariya, shi kuwa mai ginin ya kwanta a ƙasa yana cewa, "Umma, ki ɗauke shi, ba na son ya sake zuwa nan." Ƙanwar tasu a wannan lokacin ta kwashe motar da ƙofar da tagar ta shige bayan kujera da su, ta ce nata ne. A ranar na yi tunanin na ƙaro wa gidan sabon abin faɗa ne kawai.

Abin da ya gyara lamarin ƙarami ne, kuma shi ne babban abin da nake so mai niyyar saye ya sani. Washegari na zauna a ƙasa tare da su, na ce wa babban ya gina hasumiya biyu, ɗaya tasa wadda ba mai taɓawa, ɗaya kuma ta rushewa. Ya gina ta biyun cikin gaggawa, muka ƙirga ɗaya, biyu, uku, auta ya buge ta, kowa ya yi ihu. Sau bakwai ko takwas aka maimaita wannan, har mai ginin ya fara neman yadda zai sa ta fi tsawo domin faɗuwar ta fi ƙara. Daga nan na gane cewa akwatin ba mai raino ba ne, ba kuma ya aiki idan aka jefa wa yara aka juya baya. Yana buƙatar babba ya zauna na minti goma na farko, ya raba aiki, ya fara wani labari, sannan ya zame a hankali. Idan na yi haka nakan samu minti arba'in, wani lokaci sa'a guda, gidan ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, sai ɗan ƙaran haɗuwar roba da maganarsu ƙasa-ƙasa. Idan ban yi ba, ba na samun ko minti biyar.

Cikin su ukun, mai shekara huɗu ce ta fi cin moriyarsa, kuma ina ganin shekarunta ne tsakiyar waɗanda aka yi shi dominsu. Ita ba gini ne ya dame ta ba, labari take nema. Tubala huɗu da ƙofa sun ishe ta ta ce asibiti ne, gobe kuma su zama makaranta, ta zaunar da 'yan mutum-mutumin a layi tana yi musu faɗa da irin muryar da nake yi mata, abin da ya sa na riƙa jin kunyar kaina daga inda nake tsaye. Tubalan da ke ɗauke da lambobi ma sun yi mata amfani ba tare da kowa ya ce mata karatu ake yi ba. Auta kuwa ya ɗauki kusan mako guda kafin ya gane cewa sai an daidaita kawunan da ramin sannan a danna. Ranar da ya haɗa biyu da kansa ya ɗaga su sama yana zagaya ɗakin yana nuna wa kowa, har da baƙuwar da ta shigo gaisuwa. Raba su ya fi ba shi wuya, musamman faffaɗan idan sun haɗu, sai ya miƙa wa yayansa yana cewa "Yaya, cire."

Mai shekara shida dai ya kusa wuce shi, kuma kamfanin bai ɓoye wannan ba tunda yawancin akwatunan Duplo ana yin su ne domin yara har zuwa shekara biyar. A mako na biyu ya fara cewa kayan jarirai ne, yana son ƙananan da ake yin jirgi da su. A nan akwai abin da ya kamata a yi hattara da shi. Kawunan Duplo suna da rami a tsakiyarsu, kuma an yi hakan ne domin ƙananan tubalan LEGO masu kawuna huɗu ko takwas su iya zama a kansu, wato iri biyun suna haɗuwa. Wannan abin sha'awa ne ga gidan da yaransa duka suka haura shekara uku, domin tsofaffin tubalan ba sa zama asara idan yaro ya girma. Amma a gidan da ke da mai kai komai baki, haɗa su a akwati ɗaya yana rushe dalilin sayen manyan tun farko. Na ba babban 'yan ƙananan da aka taɓa yi masa kyauta, da sharaɗin a kan tebur zai yi wasa da su, kuma sai ƙaninsa ya yi barcin rana.

Kan yawan guntayen na yi kuskuren lissafi. Wani masanin lissafi ɗan Denmak, Søren Eilers, ya nuna cewa tubala shida kacal masu kawuna takwas ana iya haɗa su ta hanyoyi 915,103,765, saboda haka na ɗauka 85 sun yi wa yara uku yawa. Abin da ban lura da shi ba shi ne hanyoyin haɗawa ba su ne matsalar yaro ba, matsalarsa ita ce abin da ke hannun ɗan'uwansa. Wani kaso na guntayen kayan ƙawa ne, irin su taga da ƙofa da mota, kuma idan yara uku suka raba tubalan gini zalla, kason kowa ba ya kai shi ko'ina. Ga yaro ɗaya ko biyu akwatin ya wadatar. Ranar da 'yan'uwa suka zo mana wuni da yaransu uku, suka zama shida a kan tabarma ɗaya, motar ce ta zama abin rikici har sai da na ɗauke ta na ajiye, kuma abin mamaki wasan ya fi daɗi bayan an ɗauke ta.

A wannan ziyarar ne ma aka kawo wa yaran tsarabar wata jakar tubala masu kama da Duplo, ba su da sunan wani kamfani da na sani. A ido kusan ba a bambance su, amma a hannu labarin daban ne. Wasu ba sa kamawa, da an ɗaga ginin sai ya rabe biyu, wasu kuma suna kamawa har sai an sa ƙarfin babba. A kwana na uku ɗaya ya tsage da aka taka shi, ya bar baki mai kaifi kamar tsinken gilashi, a nan na tattara su duka na fitar. Sai a lokacin na daraja abin da ban kula da shi ba a na asalin, wato yadda kowane tubali ke kama ɗan'uwansa da ƙarfi iri ɗaya, isasshe ya riƙe gini amma bai fi ƙarfin yatsun yaro ba.

Akwai wahalhalun yau da kullum waɗanda duk tubalan wasa suke da su. Zube su a kan daɓe da sassafe yana da ƙara mai tashin mai barci, don haka muka koma zubewa a kan bargo, wanda kuma ya sauƙaƙa kwashewa tunda kama gefensa huɗu kawai ake yi a juye cikin akwatin. Taka tubalin Duplo cikin duhu ba ya kai zafin taka ƙaramin tubalin LEGO, amma ba zan ce babu zafi ba. Wanki kuwa wajibi ne idan akwai mai tsotsa. Kamfanin ya ba da shawarar a wanke da hannu, da ruwan da bai wuce digiri 40 ba, kada a sa a injin wanki, kada kuma a busar da na'urar busar da gashi, domin zafi yana lanƙwasa robar. Nakan wanke su a baho ranar ƙarshen mako, in baza a kan tawul kawunan suna sama domin ruwan da ke ramukan ya tsiyaye, kuma yaran sun mai da wankin kansa wasa.

Game da wayar da ta sa na saye shi, sakamakon rabi da rabi ne. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ba a so yaron da bai kai shekara biyu ba ya zauna kallon allo, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a rana. Da safe Duplo ya taimaka mana ƙwarai wajen kusantar wannan ƙa'ida, domin safiyar da a bara ta tafi a kallo a bana ta tafi a gini. Da yamma kuwa, idan sun gaji kuma sun ƙosa da juna, babu tubalin da ke hana su neman waya. Haka nan jagorar ta ce yaro mai shekara ɗaya zuwa huɗu yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana, kuma wannan wasa ne na zaune. Duk ranar da ban fitar da su sun yi guje-guje ba, da la'asar tubalan sukan koma abin jifa.

Ga gidan da ke da yara tsakanin shekara ɗaya da rabi da biyar, musamman idan ana neman abu ɗaya da babba da ƙarami za su haɗu a kansa ba tare da uwa tana leƙa bakin ƙaramin kowane minti ba, zan ce a saya, kuma idan yaran sun kai uku a fara da wanda tubalan gini zalla suka fi yawa a cikinsa. Wanda ƙaramin yaronsa ya riga ya kai biyar, gara ya wuce kai tsaye zuwa ƙananan. A daren da za a koma makaranta na zauna na ƙirga abin da ya rage, na samu 82. Ɗaya ya fito da safe daga cikin takalmin makarantar babban lokacin da yake ƙoƙarin sa ƙafa, ɗaya yana cikin jakar ƙanwarsa wadda ta ce za ta kai wa malamarta ta gani, na ukun kuwa har yanzu auta ne kaɗai ya san inda ya sa shi.